Wuƙar Hannun Hagu

Shafi na 19

Masu tambayar me Maman Mage ta gani a bayan littafin nan, ku gyara zama. Masu yara kuma ku karanta a nutse.

*

Sallama ɗaya ta yi a ƙasan benen, ba ta jira amsa ba ta kama hawa.

Matattakalar ƙarfe ce, yayanta ya haɗa ta da hannunsa shekarar da ya buɗe shagon walda a ƙasa, kuma har yau taka ta bakwai tana rawa. Ta san da ita, ta tsallake. Babur ɗinsa na jingine a ƙarƙashin matattakalar, mayafinta ma ya ɗan kama madubin, ta fizge ba ta waiwaya ba. Ƙofar shagon a sauke take har ƙasa. Daga ciki ƙarfe na amsa ƙarfe, kang, kang-kang, irin ƙarar da ta saba ji a wurin nan har kunnenta ya daina ƙirga ta.

Hankalinta na kan abin da ke cikin jakarta.

Ɗakin sama yana nan yadda ta san shi. Tebur dogo da aka yi da tsohuwar ƙofa. Taswirar da aka zana a bayan kalanda, da tabon gindin kofi a tsakiyar teku. 'Yan mutum-mutumin da Yaya ya ƙera da ƙusoshi da noti, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Fanka na juyawa da ƙyar kamar an tilasta mata.

Shekara huɗu kenan duk ranar Asabar maza huɗu suna zama a nan. Mijinta ne ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a takarda, da lambobin ƙarfinsa da na saurinsa. In jarumi zai kai sara ko zai tare, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ne hukunci. Dokokin wasan mijinta ke rubutawa da biro a wani littafi mai baƙin bango, ita kuma ta buga masa su a shagon buga takardu inda take aiki, in babu mutane.

Yau uku ne a teburin. Mijinta, da Mai Kemis, da Dogo direba. Kujerar Yaya babu kowa.

Ta zaro littafin ta ajiye a tsakiyar taswirar. 'Yan mutum-mutumi biyu suka kife.

"Madam, kin kashe mana shugaban 'yan fashi, ko ɗan lido ba ki jefa ba," in ji Mai Kemis.

Dogo ya fara dariya, ya kalli fuskarta, ya mayar da dariyar tari.

Mijinta ya tambaye ta ko lafiya, ko har ta gama bugun ne. Ta ce ba ta buga ko harafi ɗaya ba. Ta ja kujerar Yaya ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara huɗu, ta juya littafin ta baya ta buɗe, ta tura gabansa.

"Baban Mage, karanta min."

Ya kalli shafin. 

Bayan littafin nan ne suke rubuta gwaji. Teburin yana da al'adarsa, wai doka ba ta shiga littafi sai jiki ya shaida. Da wasa abin ya fara. Wata rana sun yi gardama a kan ko jarumi zai iya tsallake rami da kaya a bayansa, Dogo ya sauka ya saɓi buhun siminti ya ce zai tsallake kwatar gaban shago. A cikin kwatar aka tsamo shi. Sati guda ana ba da labarin, ita ma sai da ta yi dariya har da hawaye. Tun daga nan in gardama ta yi tsami, sai a sauka ƙasa a gwada, a rubuta sakamako a baya. Wasa farin girki.

Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuwa wata uku ke nan, a kan wuƙar hannun hagu.

Jarumin Yaya takobi yake riƙewa a dama, gajeriyar wuƙa a hagu. A tsohuwar doka yana iya tare sara da wuƙar, ya mayar da nasa saran da takobi, duk a zagaye ɗaya. Babu mai iya taɓa shi. Dogo da jaruminsa ke jan garkuwa ya ce garkuwarsa ta koma murfin tukunya, tunda mai wuƙa yana samun kariya irin tasa kuma ga sara kyauta. Sai mijinta ya kawo sabuwar doka: in ka tare da wuƙar hagu, ka ci zagayenka, babu sara sai zagaye na gaba. Yaya ya ce wannan ba gyara ba ne, yanka ne. Aka ce to a bar masa saran amma a rage masa huɗu a abin da ɗan lido ya nuna, ya ƙi. Aka ce sau ɗaya a kowane faɗa, ya ƙi. Maganarsa ɗaya ce: mutumin da hannayensa biyu suke daidai, tarewa da sara numfashi ɗaya ne a wurinsa.

Duk wannan ta sani, don da yatsunta ta buga dokar sau biyar, sau biyar ana sauya ta. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke gaban mijinta yanzu.

"Karanta mana. Ai murya gare ka, kai ne mai labari."

Ya karanta a hankali. Gwaji na talatin da ɗaya, Dogo, da sandunan tsintsiya, biyu cikin goma. Gwaji na talatin da biyu, Mai Kemis, ɗaya cikin goma, gilashin idonsa ya karye.

Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Gwaji na talatin da uku. Mage. Bututun roba naɗe da soso. Tara cikin goma."

"Rubutun wa?"

"Nawa ne."

Ya ɗago hannu biyu kamar mai tare mota. Ya ce sau ɗaya ne, kuma yana tsaye a wurin. Ya ce roba ce mai laushi, ko ƙuda ba za ta kashe ba, yarinyar ma dariya take ta yi, ita ce ma ta roƙa. Ya ce sun gwada duk wanda suka sani, kowa hagunsa mataccen hannu ne, sai Yaya ya tuna.

"Ya tuna me?"

"Cewa Mage ce kaɗai muka sani mai hannu biyu."

Maganar ta same ta a inda ba ta tanada ba. Bahaguwa aka haifi Mage. Ita da kanta, shekara biyu cur, tana cire cokali daga hagun yarinyar tana sa mata a dama, tana cire fensir tana mayarwa, babu duka babu tsawa, don kada a riƙa yi mata gori a makaranta. Hagun bai mutu ba, daman ya tashi. Yanzu tana shekara tara tana rubutu da duk hannun da ya fi kusa da biro, kuma duk baƙon da ya zo gidan sai uwar ta sa ta nuna masa.

 Ta sa yatsa a ƙasan layin.

"Nan fa? Me ka rubuta a nan?"

Bai karanta ba. Ita ta karanta masa.

"Ba a karɓa ba. Roba ba ta da nauyin ƙarfe."

Ya ce ai gaskiya ce ta lissafi. Wuƙar gaske tana da nauyi, hannu yana gajiya, abin da aka yi da roba ba ya zama hujja a kan ƙarfe. Ya ce da ya karɓa, da Dogo ya ce an yi son kai don surukuta. Yana magana yana ji da kunnensa yadda maganar take fita, muryarsa na raguwa har ta ƙare.

"Ka gaya wa mai walda cewa roba ba ƙarfe ba ce," ta ce. "Mai walda, Baban Mage. Me ka zata zai yi, ya je ya yi kuka?"

Daga ƙasa, kang. Kang-kang.

Ta ce ya juya shafin. Ya ce babu komai a gaba, a nan aka tsaya. Ta juya masa da kanta.

Manyan haruffa ne a karkace, irin waɗanda Yaya ke yi da alli a jikin ƙarfe. Gwaji na talatin da huɗu. Mage. Ƙarfe marar kaifi, nauyi daidai. Takwas cikin goma.

Mijinta ya jawo littafin kusa da idonsa. Ya rantse mata bai taɓa ganin shafin nan ba. A ɗakin nan littafin yake kwana, jiya ne kawai ya ɗauka ya kai mata, kuma ta gaba yake buɗewa. Ta yarda da shi, don ta san fuskarsa in yana ƙarya, wannan ba ita ba ce. Wannan fuskar mutumin da ƙasa ta zame masa ce.

Ta ba su labarin ranar Alhamis, duk da ba su tambaya ba. Malamar ajin Mage ta ja ta gefe a bakin get, ta naɗe hannun rigar yarinyar. Tabo shuɗi-shuɗi daga wuyan hannu har gwiwa, wani sabo wani ya fara rawaya, ga kuma yanka siriri a hannun hagu, an manna masa filasta. Malamar ta tambaye ta, cikin ladabi, ko akwai abin da ke faruwa a gida. A gida. Ita da ko tsinke ba ta taɓa ɗaga wa yarinyar ba, ta tsaya a gaban mutane kamar wadda aka kama da kayan sata. Mage kuwa ta ce wayar katangar makaranta ce.

"Ban yi barci ba a kan filastar nan," ta ce. "An wanke ciwon, an haɗe bakinsa, an yanka filasta ƙanana uku an jera su a gicciye. A makarantar nan ko auduga ba su da ita. Na yi ta tunanin ina na taɓa ganin irin wannan aiki."

Ta juya ta kalli Mai Kemis.

Ya cire gilashinsa, wanda har yanzu ƙafarsa ɗaya a ɗaure take da zare, ya shiga gogewa da gefen riga.

"Ƙaramin yanka ne, Madam. Gefen ƙarfen ne bai gama goguwa ba."

"Na tambaye ka girmansa?"

Ya ce Yaya ne ya kira shi ranar, hankali a tashe, ya roƙe shi don Allah kada ƙanwarsa ta ji. Ya ce shi ma faɗa ya yi masa sosai. Ya ce shi ya sa ma ya rubuta abin da ya rubuta, don a rufe maganar gaba ɗaya.

Mijinta ya sauke ido ƙasan shafin. Akwai layi ɗaya da rubutu irin na takardar magani, sai an ƙura ido. Ya karanta, kalma ɗaya ɗaya.

"Ba a karɓa ba. Wanda ya san ba za a yanke shi ba, ba tarewa yake ba, wasa yake."



"Na zata ƙofa na rufe," in ji Mai Kemis. "Wa zai wuce nan? Babu mai hankalin da zai wuce nan."

"Ba ka rufe ba, Likita. Ka nuna masa inda makulli yake."

Likita take ce masa in tana tsokanarsa. Yau babu tsokana a ciki.

Da wani ne ba Yaya ba, da ta san yadda za ta yi da fushinta. Amma ita ta san inda wasan nan ya fito. Shekara huɗu da suka wuce tukunyar gas ta fashe a shagon ƙasa, Yaya ya yi wata takwas a kwance a ɗakin nan, fuskarsa a bango, ba ya cin abinci sai an yi da gaske. Mijinta ne ya zo wata Asabar da takarda da ɗan lido, ya zauna a bakin gado ya ce, kana tsaye a bakin wani gari, da takobi a hannunka, me za ka yi? Sai da ya maimaita sau uku kafin Yaya ya juyo. Jarumin nan ya yi tafiya lokacin da mai shi ba ya iya taka ƙasa. Ita da kanta ta riƙa kawo musu shayi tana sa wa wasan albarka a zuciyarta. Shi ya sa da ake gardamar wuƙar hagu, kowa yana ganin lamba ake ragewa a takarda, ita ta san hannun mutum ake taɓawa.

Sanin bai rage mata komai ba yau. Ƙara mata tsoro ya yi.

Ta miƙe zaune ta gaya musu abin da ya kawo ta, a tsare, don a hanya ta shirya shi. Mage ba za ta sake taka benen nan ba. Yaya ba zai sake ɗauko ta daga lesin ba, ita za ta riƙa zuwa da kanta, daga yau ma. Ƙarafan nan a narkar da su a yi ƙyauren taga. Dokar kuwa su ba shi abinsa, ya tare ya sara ya tashi sama in yana so, takarda ce.

Dogo ya yi gyaran murya ya ce in aka ba shi, to garkuwa ta tashi aiki ke nan.

"Dogo, in na sake jin kalmar garkuwa, da ita za a fitar da kai."

Ya sunkuyar da kai. Amma bai yi shiru ba, yana ta juya ɗan lido a tsakanin yatsunsa, sai ya ce akwai wata magana, bai sani ba ko tana da amfani. Yau ne ranar ƙarshe. Mai labari ya ce tunda littafi ya tafi bugu, dokar ta zauna, kuma yau jarumin Mai Walda zai fuskanci shugaban 'yan fashi shi kaɗai, a ƙarƙashin sabuwar doka. Kowa ya yi lissafi ya san ba zai fita da rai ba. A teburin nan kuma jarumin da ya mutu ya mutu, a gaban kowa ake yaga takardarsa.

Ta kalli gabanta. Takardar jarumin Yaya ce, ta yi laushi don tsufa, an manne ninkinta da salatif, gefenta duk zanen yatsa mai baƙin mai.

"Sai me?"

Dogo ya ce shekaranjiya ya biyo ta nan zai karɓi jak ɗin motarsa da aka yi wa walda, ya tarar da Mai Walda a kan injin goge ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya tambaye shi aikin wa yake, ya ce nasa ne. Da safen nan kuma da suna hawowa, Mai Walda ya dafa kafaɗarsa ya ce yau zai kawo shaidar da babu mai bakin ƙin ta.

"Me yake gogewa?"

 Idon Dogo ya tafi bangon da ke bayanta.

Ta juya.

Tun bara akwai takobi da wuƙa a rataye a wurin, a gicciye, Yaya ya ƙera su don ado, kwatankwacin na jaruminsa. Yanzu ƙusoshi huɗu ne kawai, da inuwar abin da aka cire, fes a jikin fentin da ƙura ba ta taɓa ba.

"Ina Yaya?"

Mijinta ya ce ya je ɗauko Mage daga lesin, kamar kullum.

"Tun yaushe?"

"Wajen ƙarfe biyu."

Ta kalli agogon wayarta. Uku da minti arba'in.

"Sai huɗu suke tashi."

"Ya ce yau da wuri za a sallame su."

"Wa ya gaya masa? Ni ake turo wa saƙo."

 Ta ji mayafinta a kafaɗarta, daidai inda ya kama madubi ɗazu, sai abin ya dawo mata gaba ɗaya. Babur a ƙarƙashin matattakala. Ƙofar shago a sauke har ƙasa. Ranar Asabar, da Yaya ba ya kunna wuta ko ministan ƙarfe ne ya zo.

"A ƙafa ya tafi?"

"A babur mana," in ji mijinta.

"Babur ɗinsa yana ƙasa."

Kang. Kang-kang.

Yanzu da ta saurara, ta ji ba ƙarar guduma ba ce. Guduma kan maƙera take sauka, murya ɗaya gare ta. Wannan murya biyu ce, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, sai ɗan shiru kamar ana komawa wurin tsayawa, sai a sake. Tun shigowarta ake yi. A kan ƙarar nan ta zauna tana karanta musu littafi.

Ba ta san lokacin da ta kai ƙofa ba. Taka ta bakwai ta yi rawa a ƙarƙashinta, ta kama ƙarfen gefe ta ci gaba, takalminta ɗaya ya tsaya a can. Tana jin mazan a bayanta, kujera ta faɗi, ɗan lido na gangarowa yana buga kowace taka.

Ta kama ƙofar shagon ta ɗaga. A kulle take ta ciki. Ta buga da tafin hannu.

"Yaya. Yaya, ni ce. Buɗe."

Kang.

Kang-kang.

Sai wata ƙara da ba ta ƙarfe ba, gajeriya, kamar an ajiye buhu.

Daga nan shiru.

Mijinta ya shiga dukan ƙofar da kafaɗa yana kiran sunan 'yarsa. Ita ba ta tsaya ba, ta san wurin tun ana zuba harsashinsa. Ta bi ta lungun gefe, ta tsallake tulin rodi da tsofaffin ƙyamare, wani abu ya soke ta a tafin ƙafa ba ta duba ba. Ƙofar baya ta langa-langa ce, sakatarta ta daɗe da lalacewa, da waya ake ɗaure ta. Ta sa yatsu ta warware wayar.

Hasken rana ya shiga gabanta ya kwanta a kan siminti.

An share tsakiyar shagon tas, an ture injina jikin bango. An zana da'ira da alli. A jikin ƙofar gaba, ta ciki, an ja layuka a jere, irin ƙirgen Yaya. Idonta ya ƙirga su ba da izininta ba. Tara.

A tsakiyar da'irar Mage na tsaye.

Yaya ya sa mata rigar fatarsa ta walda, ta sauko mata har idon sawu, ya naɗe ta da igiya a ƙugu. Ya sa mata safar hannu ta fata, ya ɗaure bakinsu da salatif don kada su zame. Ya sa mata murfin fuska na walda, an cire baƙin gilashin an bar farin. Ko ina ya rufe ta, ko tafin hannu ɗaya bai bari a waje ba. Takobi a damanta, wuƙa a hagunta, bakinsu na ƙyalli.

Duk kayan kariyar da ke shagon nan saiti ɗaya ne.

Yaya na zaune a ƙasa, bayansa jingine da ƙafar teburin aiki, da 'yar singileti a jikinsa. Nasa ƙarfen na gefe. Ya danna hannu biyu a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, abu na fitowa ta tsakanin yatsunsa yana bin wandonsa. Allin na nan kusa da gwiwarsa. Ya ɗago ido ya gan ta, ya yi mata irin murmushin da yake yi tun suna yara in ya fasa abu.

"Auta," ya ce. "Kada ki yi mata faɗa. Ni ne ban ja baya ba."

Ba ta je wurinsa ba. Allah ya gani, ba ta je ba.

Ta taka cikin da'irar a hankali, ta durƙusa, ta yi magana da muryar da take tashin yarinyar da ita da safe. Ta ce Mage, ba ni na dama. Ta karɓa ta ajiye a bayanta. Ta ce ba ni na hagu. Yatsun sun ƙi buɗewa, sai da ta ɓamɓare su ɗaya ɗaya. Ta shafa ta daga wuya har ƙafa, ta cikin rigar fatar, tana neman jiƙa. Babu. Ko ƙwarzane babu.

Ta ɗaga murfin fuskar.

Gumi ya manne gashin yarinyar a goshi. Idanunta a buɗe suke tar, suna neman zamewa gefe, wurin teburin aiki. Uwar ta kama kan ta juyo shi, ta tura fuskar cikin ƙirjinta, ta rufe da mayafi, ta sa tafin hannu a kan kunnen da ke waje.

Mazan suka shigo ta bayanta. Ta ji mijinta ya tsaya cak. Ta ji Dogo ya juya da gudu yana laluben makullin mota. Mai Kemis ya wuce ta ya zube a gaban Yaya, ya cire rigarsa ya dunƙule ya danna a wurin, yana kiransa, Mai Walda, kalle ni, kalle ni nan.

Daga cikin mayafin murya ta fito, ƙarama, a toshe.

"Mama, na tare na sara a zagaye ɗaya. Sau goma. Kawu bai ja layi na goma ba."

"Na ji. Yi shiru."

"Ya ce in aka yi da mai kaifi babu wanda zai yaga takardarsa."

"Yi shiru, Mage."

Ta ɗago ido ta saman kan yarinyar. Kan Yaya ya karkata gefe. Mai Kemis ya daina kiransa. Ya saki hannu ɗaya daga rigar, ya sa yatsu biyu a gefen wuyansa, ya tsaya, ya matsar da su, ya sake tsayawa.

Yarinyar ta ja mayafin uwarta.

"Mama, wannan karon an karɓa?"